Yadda Ake Neman Aure da Buta da Sabulu

Ɗan'uwa, idan kai malamin firamare ne mai zuciya mai saurin narkewa da babur mai wuyar tashi, kuma akwai wani gida da kake mutuwar son shiga amma ba ka da dalili, to gyara zama. Na yi maka alkawari, ka bi matakan nan yadda na jera su, ba tsallake, za ka sami mata. Ban ce za ka fito da mutuncinka cikakke ba. Mata na ce.

Zan riƙa yi maka misali da wani Malam Zulkifli, ɗan Badariya a Birnin Kebbi, wanda aka tura koyarwa garin Gulma. Saurayi ne da ya karanta littattafan soyayya har ya fara zaton haka mutane ke magana a kasuwa. Akwai masu yaɗa cewa ni ne shi. Allah ya shirye su. Tsayinmu ne kawai ɗaya, sai babur, sai suna.

Mataki na ɗaya: Ka kamu da son wadda ba ka da hanyar gidansu

Kada ka so ƴar maƙwabta, wannan aikin malalata ne. Ka nemi wadda mahaifinta ke zaune a bakin zaure tun hantsi yana gyaran komar kamun kifi, ba ya dariya, ba ya sayen jarida balle ka ce ka kawo masa.

Haka Zulkifli ya yi. Wata rana yana tura babur ɗinsa da ya mutu, sai ya ji murya daga gefen hanya.

"Malam, kana taka mini shinkafa."

Ya duba ƙasa, ga shi tsakiyar shanyar shinkafar da aka turara. Ya ɗaga kai, ga Nuriyya, ɗiyar Malam Tamba manomi kuma masunci, riƙe da tsintsiya, fuska ba yabo ba fallasa. Ka lura da kyau, ba ta ce "kai" ba, ba ta ce "wane ne wannan" ba. Malam ta ce. Zulkifli ya kai wannan kalma ɗakinsa ya yi ta juya ta, kafin sati ya zagayo ya rubuta mata waƙoƙin da suka kwatanta ta da farin wata, da gulbi, da wani fure da bai taɓa gani ba sai a littafi. Bai ba ta ko ɗaya ba, domin tsakaninsa da ita akwai zaure, a cikin zauren kuma akwai Malam Tamba.

Masana sun ce so makaho ne. Ƙarya ne. Yana gani sarai, ƙafarsa ce kawai ba ya dubawa.

Mataki na biyu: Ka ɗaga hannu a taron da kowa ya sunkuyar da kai

Ka yi haƙuri, rana tana zuwa da hedimasta zai tara malamai ya ce ana neman wanda zai je Birnin Kebbi a horar da shi, ya dawo ya kafa kulob ɗin lafiya na yara. Za ka ga abokan aikinka sun shiga nazarin takalmansu. Kai ka kasa kunne. Da zarar ka ji an ce yaran za su riƙa zagayawa gida-gida tare da malaminsu, ka miƙe. Gida-gida, ɗan'uwa. Zauren da ya gagari waƙa, buta za ta buɗe shi.

A wurin horon, wata jami'ar lafiya, Madam Ajoke, wadda Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi, ta sa aka kawo kwano da ruwa. Ta jera malamai ta ce su wanke hannu ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi a gida kafin cin tuwo. Da aka kai kan na ƙarshe, ta ɗaga kwanon kowa ya leƙa. Ruwan ya koma kamar na fadama bayan an yi huɗa.

"To, malamai," in ji ta, "wannan bawan Allah na ƙarshe, wanke hannu ya yi ko miya ya haɗa? A zuba ruwa ya wuce, da sabulu, in babu da toka. Kuma ku ji ni da kyau. Abin da kuka faɗa wa babba, kafin ya sa takalmi ya manta. Abin da kuka faɗa wa yaro, sai ya kai shi har ƙuryar ɗakin kakarsa. Ku yi hankali da abin da kuke faɗa musu."

Kada ka saurari jimlar ƙarshen nan. Zulkifli ma bai saurara ba, yana can yana neman kalmar da za ta yi amsa-amo da Nuriyya.

Mataki na uku: Ka naɗa shugaba ba don cancanta ba

A cikin ɗalibanka akwai masu ƙwazo, akwai masu tsafta. Ka tsallake su. Ka duba wadda ta fito daga gidan nan.

Nuriyya na da ƙanwa a aji biyar, Nana, ƴar siririya mai ido kamar na mai binciken haraji. Zulkifli ya naɗa ta shugaba, ya rataya mata usur a wuya gaban dukan makaranta. Sannan, don ya ji daɗin bakinsa, ya kafa doka. Duk wanda aka gani ya tsoma hannu a kwanon da wani ya wanke, a busa masa usur. Hukuncinsa ya durƙusa ya zuba wa na kusa da shi ruwa da buta, yana cewa: "Na tuba da kwano, na koma ga buta." Idan kuma mutum biyu aka kama tare, su zuba wa juna. Wannan sashe na biyu shi ya fi burge shi. Ya ce a ransa ko alƙali sai haka.

Nana ta ɗaga hannu.

"Malam, ko wa na?"

"Ko wane ne."

"Ko babba?"

"Musamman babba."

"Ko kai?"

A nan, ka yi dariya. Ka dafa ƙirji ka waiwayi yara ka ce, "Ranar da kuka kama ni, ku busa har a ji a Argungu." Za su tafa maka. Ka ji daɗin tafin sosai, don za ka buƙaci tuna shi nan gaba.

Mataki na huɗu: Ka tsaya ka kalli abin da ka saki

Kai dai dalilin shiga zaure kake nema. Yaran ba su san da haka ba, su da gaske suke.

Kafin zangon karatu ya yi nisa, Gulma ta ɗauki ƙarar usur. Gidan sauron da aka shimfiɗa kan irin albasa don tsare kaji ya koma kan gado. Randunan da suka shekara baki buɗe suka sami murfi. Yara suka rataya galan da igiya a bakin bandakin makaranta, ka taka sanda ruwa ya zubo, har tsofaffi na zuwa kallo. Mai shayin bakin tasha, da ya hango rigar makaranta, sai ya fara ɗauraye kofuna ba wanda ya ce masa uffan. Su Zulkifli suka lura masu fashin aji saboda ciwon ciki sun ragu, abin ya ba shi mamaki ƙwarai, don shi ba da wannan niyya ya fito ba.

Amma ya shiga zauren. Ya shiga har tsakar gida, bayan yara, yana duba murfin randa da fuskar wanda aikin gwamnati ya yi wa yawa. Ziyara ta farko Nuriyya ta ba shi ruwa. Ta gaba ta tambaye shi ko babur ɗin ya warke. Wadda ta biyo baya ya yi ƙarfin hali ya karanta mata waƙar furen nan a bakin ƙofa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wanga hure, ana miya da shi?" Ya ce a'a. Ta ce, "To, amma waƙar ta yi daɗi." Ya koma gida bai san ya bar babur a ƙofarsu ba.

Abu ɗaya ya rage, izinin turo magabata. Shi kuwa yana hannun Malam Tamba, wanda Nana ta busa wa usur gaban masu yi masa girbi, ta kuma busa masa gaban abokin kamun kifinsa, har dattijo ya koma wanke hannu da buta a gidansa na kansa, yana gunguni.

Mataki na biyar: Ka amsa gayyata kafin ka ji sharaɗinta

Bayan girbi, saƙo zai zo cewa ana nemanka ranar Juma'a bayan masallaci ka ci tuwon sabuwar shinkafa. Na san abin da za ka ce, ina mai neman aure ina ci gaban uban yarinya? Zulkifli ma ya faɗa. Amsar da aka dawo masa da ita ta fi sanda: "Ka ce mashi ba surukina na ba tukuna. Malamin Nana na. Ina son in ga wanda yab ba ɗiyata usur."

Ranar Alhamis da yamma Nuriyya ta tare shi a bakin shanya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, gobe Baba za ya hiddo kwanon tagulla."

"Wane kwano?"

"Na kakanmu. Ba a hiddo shi sai don baƙon da anka ɗauka da girma. Baba ya hwara wankewa, sannan ya tura ma wanda yaka son girmamawa, kahin yayyena ma. In ya tura maka, ya ɗauke ka mutum."

"In kuma mutum ya ce a ba shi buta fa?"

Ta dube shi yadda ake duban yaron da ya ce zai tsallake gulbi da damina.

"Akwai wani ɗan Gesse, can Birnin Kebbi, da yaz zo neman yayata. Bai ma ce komi ba, hanci kawai ya yamutsa. Har yau motarshi ba ta sake bin layin ga ba."

Sai a lokacin Zulkifli ya ji wani abu mai sanyi ya bi bayansa, mai kama da ƙarar usur.

Mataki na shida: Ka kawar da shaida

Kada ka tsaya tunanin gaskiya da amana, waɗannan darussan aji huɗu ne. Matsalarka yarinya ɗaya ce da usur ɗaya.

Da safiyar Juma'a Zulkifli ya kira Nana gefe, ya ɗaure fuska irin ta manyan al'amura.

"Shugaba, akwai aiki na musamman. Bayan masallaci ki kwashi ƴan kulob ku je bakin tasha ku nuna wa mutane yadda ake rataya galan. Kada ku dawo sai la'asar. Ke kaɗai na amince wa."

Nana ta dube shi. Sannan ta ce, "To, Malam."

Idan yaro ya ce maka "to" ba tare da gardama ba, ka ɗauka ka yi nasara. Dukan manyan da suka sha kunya a duniya haka suka ɗauka.

Mataki na bakwai: Ka tsoma hannu

Ka sa farar shaddarka. Ka cire takalmi tun daga nesa. Ka zauna a gefen tabarma, gwiwa a haɗe, kamar wanda ya zo ta'aziyya.

A zauren akwai Malam Tamba da manyan ƴaƴansa maza biyu, da wani maƙwabci da aka gayyato, wanda ko bai faɗa ba ka san aikinsa kai labari bakin gulbi. Aka shigo da tuwo, fari tas, da miyar kuɓewa da tarwaɗa. Sannan aka shigo da kwanon. An goge shi yana walƙiya, ruwa rabi.

Malam Tamba ya waiga hagu, ya waiga dama, ya leƙa ƙofar cikin gida. Zulkifli ya ɗauka addu'a yake. Dattijo ya tsoma hannuwansa biyu, hannuwan da suka wuni cikin koma da kifi, ya cuɗa, ya yarfe. Ya tsallake ɗansa na fari, ya tsallake maƙwabci, ya turo kwanon gaban Zulkifli da bayan hannu.

"Bisimilla, Malam."

Zulkifli ya leƙa. Ɓawon kifi ɗaya na yawo a saman ruwan, yana zagayawa a hankali kamar kwalekwale. Ya tuna Madam Ajoke. Ya tuna ɗan Gesse. Daga bayan asabarin ƙofar cikin gida ya ji ƙarar awarwaro, ya san wadda ke tsaye. Ya ce a ransa masoyan littafi sun shiga wuta, sun haye teku, shi ruwan kifi kawai aka ce ya taɓa. Ya rufe ido ya tsoma har wuyan hannu.

Ban sani ba ko an ji a Argungu. Amma jakin maƙwabta ya amsa.

Nana na tsaye a bakin zaure, usur a baki, buta a hannun dama, sabulu a hagu.

"Ke!" in ji Malam Tamba. "Ba na aike ki gidan innarki da hura ba?"

"Ka aike ni, Baba. Malam ma ya aike ni tasha. Mutum biyu sunka so in yi nisa rana guda, na san akwai magana. Na ba mataimakina aikin tasha."

Zulkifli da Malam Tamba suka dubi juna. Wannan ne karo na farko da suka fahimci juna tun da aka halicce su.

Mataki na takwas: Ka karɓi hukuncin da ka rubuta da bakinka

Dattijo zai gwada girma. "Nana, baƙo gare mu. Ki shiga ciki."

"Malam ya ce musamman babba."

Maƙwabci ya soma tari irin na mai ɓoye dariya. Malam Tamba ya juyo a hankali, ya ɗora wa Zulkifli ido.

"Malam, kai ka kahwa doka. Wanda yak kahwa yana iya ɗagawa. Ka ce mata yau babu."

Ga ƙofa an buɗe maka, ɗan'uwa, kalma ɗaya ce. Zulkifli ya buɗe baki zai faɗe ta, sai ya yi kuskuren duban Nana. Ba murna ce a fuskarta ba. Usur ya faɗo daga bakinta yana lilo a ƙirji, idonta ya cika da ƙwalla.

"Malam," ta ce, "ashe ƙarya kaka koya muna?"

Na duba littattafai da yawa, ban ga shafin da ya tanadi amsar wannan ba. Zulkifli ya tuna cewa yarinyar nan ta sha tsawar tsofaffi, ta sha a kira ta marar kunya, duk a kan maganar da shi ya faɗa don a tafa masa. Ya ciro hannunsa daga kwanon yana ɗiga. Ya yi wa Nuriyya ban kwana a zuci, har ya fara tsara baitin farko na waƙar rabuwa. Sannan ya ce, "Shugaba, miƙo butar."

Ya durƙusa gaban Malam Tamba da farar shaddarsa. Ya miƙa sabulu. Dattijo ya jawo kwanon tagulla da kansa ya ajiye ƙarƙashin hannuwansa don ya tare ruwan. Zulkifli ya zuba, malami mai takardar shaidar koyarwa, ya ce, "Na tuba da kwano, na koma ga buta."

Ya yi zaton an gama. Ya manta da alfaharinsa, sashe na biyu.

"Saura Baba," in ji Nana.

Babban ɗa ya miƙe zai karɓi butar a madadin uba, Malam Tamba ya ɗaga masa hannu, ɗan ya koma ya zauna. Dattijo ya karɓi butar. Ya ce wa Zulkifli, "Miƙo." Ya zuba masa ruwa a hankali, har ya ce ya cuɗa tsakanin yatsu, don shi ma ya haddace darasin a dole. Maganar tuba kuwa ya yi ta ne can cikin gemu, amma Nana ta ce ta ji, an karɓa.

Mataki na tara: Ka ci abin da aka ba ka

Malam Tamba ya ajiye buta, ya dubi maƙwabci, ya dubi rufin zaure, ya yi ajiyar zuciya.

"Tun da anka haihe ni ban zuba ma namiji ruwa ba, sai mahaihina da ɗiyana suna ƙanana. Kai kuwa ba ubana na ba. Gobe labarin ga na bakin gulbi, ga mai kai shi nan zaune. Ba a cewa Tamba ya zuba ma baƙo ruwa."

Ya ciro kan tarwaɗa daga miya ya ajiye a gaban Zulkifli.

"Ka ce ma magabatanka su taho. Yanzu ci, ci da kyau. Daga yau kunya ta hana ka cin tuwo gabana."

Awarwaron bayan asabari ya yi ƙara, ƙafafu suka ruga cikin gida. Zulkifli, kamar yadda ka zata, ya fashe da kuka a kan tuwon. Ya ɗaga hannu zai share hanci.

"Malam," in ji Nana, usur ya riga ya koma bakinta, "in ka taɓa, sai an sake."

Sanarwar wanke hannu

Marubucin wannan jagora ya zuba ruwa ya wanke hannunsa, da sabulu, daga duk abin da zai same ka. Idan surukinka bai da maƙwabci mai kai labari, ko yana da sanda kusa, wannan tsakaninka da shi ne. Idan ka kafa kulob don soyayya ya zama na gaske a hannunka, yara suka daina ciwon ciki, hedimasta ya ƙara maka aiki, kada ka neme ni. Kuma ka sani, alkawarin mata na yi maka, ban ce ita kaɗai za ta zo ba. Ƙanwar amarya tana zuwa hutu Badariya duk ƙarshen zango, da usur ɗinta, kuma ko jiya sai da ta kama ni. Ina nufin Zulkifli.